Awa Dubu a Cikin Gishiri

Kakana Anselmo gishiri ya noma
a bakin tafkin Aveiro, ƙafa ba takalmi,
yana tara farin tudu da katako har faɗuwar rana.
Ni jikarsa, Filomena, da gishiri nake faɗa.
Da yana raye, da ya yi dariya har haƙoransa uku sun fito.

A ɗakin gwaji, bene na biyu, akwai wani akwati
da muke cikawa da hazon gishiri,
ɗumi-ɗumi kamar numfashin saniya.
Nan nake rataye fallayen alminiyam,
kowanne faɗin tafin hannu, kowanne da lambarsa a baya.

Ana cewa alminiyam ba ya tsatsa.
Wanda ya faɗa bai sunkuya ya duba ba.
Ba ya yin ja irin na ƙarfe, ba ya kai ƙara.
Ɗan farin gari ne a sama, kamar an barbaɗa alli,
a ƙarƙashi rami, bakin allura,
yana ci, yana ci, cin gara a cikin azara,
sai ranar da kwale-kwale ya fara shan ruwa
mai shi ya riƙe baki.

Babana Custódio ya san maganin da:
fenti ruwan ƙwai, mai kyan gani a ido.
Shekara ashirin da shida yana fesa shi a Gafanha,
tsumma ɗaure a hanci.
Jiragen da ya shafa suna nan, garau, suna kamun kifi.
Shi kuwa in zai hau matakala bakwai
sai ya huta a ta huɗu.
Maganin ya tsare jirgi, ya ci mai shafawa.

Nawa kore ne, koren ganyen da ya sha ruwa.
Roba ce, amma ba irin ta bokiti ba,
wannan lantarki na ratsa ta.
Ba mayafi ba ce da za ta rufe ta yi barci:
hira take da ƙarfen, dare da rana,
tana karɓa a hannunsa, tana zungurarsa
ya gina wa kansa ɓawo.
In an ji masa ciwo, ta saki abin da muka ba ta ajiya
daidai bakin raunin.
Haka dai muke fata. Takarda ba ta gardama, gishiri ke yi.

Don haka na ɗauki wuƙa
na ja layi biyu masu gilma juna a kowane falle,
har farin nama ya bayyana.
Abin da na kwana ina shafawa, ni na yanke shi da safe.

Awa ɗari uku, lamba tara ta yi bororo.
Awa ɗari shida, sha huɗu ta saɓule kamar ɓawon albasa.
Dakta Gervásio ya ɗaga kafaɗa, ya tafi shan gahawa.
Na zauna ina sauraron injin yana huci,
na tuna da wani hucin a gida.

Awa dubu ta cika ran Talata, ana ruwa.
Ashirin da uku na ciro, na wanke, na kai gaban fitila.
Tsagar tana nan yadda na ja ta,
ba gari, ba rami, ba kumburi a gefe.
Na sake dubawa. Na goge tabarau, na sake.

Da yamma na kai wa Baba a aljihun riga.
Ya murza da babban yatsa, ya kai hanci,
ya ce, "Ba ta wari."
Ya yi tari, ya jira tarin ya wuce.
Ya ce, "Akwati ba teku ba ne, yarinya.
Ki ɗaura ta a gindin jirgin Baltasar,
in ta ga hunturu biyu, ki dawo mu yi magana."

Hunturu biyu.
Na dubi ƙirjinsa yana hawa da sauka,
na tashi neman ƙusa.